Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Noma na Jihar Taraba da shugabannin cibiyar binciken koko da kofi ta Najeriya, wato CRIN, kan tsatsar ganyen kofi a Mambila

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗan manomin kofi ne daga wani ƙauye a gefen Nguroje, ƙaramar hukumar Sardauna. Da kuɗin kofi aka ɗinka min yunifom ɗina na farko, da shi aka biya min kuɗin jarabawa, yanzu ina ɗan aikina a Jalingo amma duk ƙarshen damina sai na hau dutse na je taya Baba tsinka. Na rubuto wannan wasiƙa a fili ne saboda maganar ba ta gonarmu kaɗai ba ce, kuma ba faɗa ko zargi ya kawo ni ba, roƙo ne, sai dai roƙo ne mai tsawo, don Allah ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Zuwana na bara, da sassafe hazo bai ma gama ɗagawa ba Baba ya ce in sa takalmin roba in biyo shi. Bai ce min komai ba a hanya. Da muka shiga layin tsofaffin bishiyoyin da kakanmu ya dasa, abun da na fara ji shi ne ganye a ƙarƙashin ƙafata, ganye kore shar wanda bai kamata a ce yana ƙasa ba. Baba ya kamo reshe ɗaya ya juya min bayan ganyen, sai ga wani gari ruwan lemo, tabo-tabo, kaman an barbaɗa garin kurkum, ya goga da babban yatsa ya nuna min yatsan ya rine. Ta saman ganyen kuwa ɗigo-ɗigo ne kawai rawaya, in ba ka san abun ba sai ka ɗauka rashin taki ne. Muka ƙara gaba inda ya fi tsanani, nan bishiyoyin sun zama tsirara, ga 'ya'ya cunkus a jikin reshe amma babu ganyen da zai ciyar da su, wasu sun yi baƙi sun bushe tun ba su nuna ba, bakin reshen ma ya fara mutuwa yana dawowa baya. Baba ya ce min na bana dai za mu samu abun da ya samu, na baɗi ne babu. Wallahi ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi haka ba.

Kuma gaskiya ya faɗa, haka cutar take aiki. Ku masana kun fi ni sani, amma tunda manoma 'yan uwana ma za su karanta bari in ɗan fayyace. Wannan garin da ke bayan ganye shi ne tsatsar, ba ƙwaro ba ne, dangin fumfuna ne, sunansa a littafi Hemileia vastatrix, kuma ba ya rayuwa a jikin komai sai ɗanyen ganyen kofi. Kowane tabo ɗaya da ka gani yana iya fitar da ƙwayoyi dubu ɗaruruwa kafin ganyen ya faɗi, iska ta ɗauka, ruwan sama ya fantsama su daga ganye zuwa ganye, har rigar mai tsinka da buhunsa suna kai su gonar maƙwabci. In ƙwayar ta samu ganye jiƙe da ruwa da ɗumi daidai, wajen digiri 21 zuwa 25, sai ta tsira ta shige ta ƙananan ƙofofin numfashi da ke bayan ganyen, ta zauna a ciki tana ci shiru na wasu makonni kafin ka ga komai da ido. Shi ya sa ranar da ka ga garin an riga an gama da kai tun tuni. Kuma kofi a kan sabon reshen da ya fito bana yake yin furen baɗi, to in ganye ya zube babu sabon reshe, babu fure, asarar shekara biyu ke nan a bugu ɗaya. Abun da ya fi ciwo ma, bishiyar da ta fi ɗaukar 'ya'ya ita ta fi kamuwa, saboda ta ƙarar da ƙarfinta wajen goyo.

Me mutanenmu suke yi in sun ga haka? Su tafi kasuwa su ce a ba su magani. Mai shago ya miƙo musu maganin ƙwari irin na wake ko na masara, su zo su feshe saman ganye da shi, kuɗi ya tafi tsatsa na nan daram. Ni da idona na ga kawuna ya yi feshi sau uku da maganin ƙwari. Alhali abun da ke tare ta shi ne maganin fumfuna mai sinadarin jan ƙarfe, shi ma sai an fesa tun farkon damina kafin ta shiga, kuma a bayan ganye, a kuma maimaita don ruwa na wanke shi, ku kuwa kun san ruwan Mambila, daga wajen Afrilu har Oktoba ba ya ɗagawa. Akwai wanda ke ratsa jikin ganyen ya kashe ta a ciki amma tsada gare shi, wanda ke da bishiya ɗari uku ko ɗari biyar a bayan gida ina zai kai wannan lissafin kowace shekara? Feshi na da amfaninsa, ban raina ba, amma ba zai riƙe talaka ba. Abun da zai riƙe shi iri ne, irin da tun daga jininsa yake jure cutar.

To a nan ne muka ƙone, kuma wannan ne ainihin dalilin wasiƙar.

Shekara biyar da suka wuce wani mutum ya zo kasuwarmu da dashen kofi cike da bayan mota, a cikin baƙaƙen leda, ganye sai sheƙi. Ya ce sabon iri ne daga waje, ba ya kamuwa da komai, shekara biyu ya fara haihuwa. Babu takarda, babu suna, ko da Baba ya tambaye shi sunan irin cewa ya yi ai na zamani ne. Baba ya sayar da ɗan maraƙinsa ya sayi guda ɗari biyu, muka tumɓuke layi huɗu na tsofaffi muka haƙa ramuka muka zuba takin shanu, Inna da ƙannena suka yi ta jigilar ruwa daga rafi duk ranin farko don kar su mutu. Shekara uku ana wahala. Da suka fara 'ya'ya na kirki, daminar nan tsatsa ta rufe su ruf, har sun fi tsofaffin kamuwa. Mutumin kuwa ko ƙeyarsa ba mu sake gani ba. Maraƙi ya tafi, layi huɗu na bishiyar da ke ba mu ko yaya ne sun tafi, shekara uku sun tafi, kuma abun da ya fi duka tafiya shi ne yarda, yanzu in ka ce wa Baba sabon iri sai ya kawar da kai. Ba shi kaɗai ba ne, rabin layinmu haka suke.

Masara in an cuce ka da iri, wata huɗu ka gane, baɗi ka canja. Kofi fa? Bishiya ce ta shekara ashirin, talatin, wadda mutum ke dasawa da niyyar 'ya'yansa su gada. Kuskuren iri a kofi kuskuren rabin rayuwa ne. Shi ya sa nake cewa, ranku ya daɗe, abun da muke nema ba a zo a raba dashe a ɗau hoto ba ne, muna neman iri mai suna, mai asali, wanda aka gwada a kan wannan dutsen namu muka gani da idonmu.

Kar wani ya ce ai cuta ce ta ganye kawai, ana zuzuta ta. Tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, da yana cikin manyan masu fitar da kofi a duniya. A 1869 aka ga tsatsar nan a can, cikin shekara ashirin harkar kofinsu ta durƙushe, masu gonaki suka tumɓuke suka koma shayi, shayin Silon da ake ji da shi a kan kabarin kofi ya tsiro. Wani zai ce to ai mu ma muna da shayi a Kakara. Haka ne, alhamdulillahi, amma ganyen shayi yau ka tsinka yau za ka kai masana'anta, sai wanda ke kusa. Kofi kuwa na talaka ne na can cikin lungu, ya ɓare ya wanke ya shanya ya ɗaure a buhu ya ajiye a ɗaki, ranar da ciwo ya tashi ko bikin 'ya ya zo ya fito da tiya biyar. Asusu ne. Daga Silon cutar ta bi ƙasashen Asiya, ta tsallaka teku ta bayyana a Bahiya ta ƙasar Brazil a 1970, a 2012 da 2013 ta yi wa Amurka ta Tsakiya kaca-kaca har Gwatamala ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a Fabrairun 2013, mutane da yawa suka rasa aikin tsinka suka bar ƙauyukansu. Ko Hawayi da ta daɗe tana tsira, a 2020 ta shige ta. Kuma wani abu da ya kamata ya tayar mana da hankali mu 'yan kan dutse, a wancan bugun na Latin Amurka cutar ta hau har gonakin kan tudu da a da ake ganin sanyi na kare su. Mu ma abun da muka jingina da shi ke nan, sanyin Gembu da Nguroje da Maisamari. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta ai ba sai an ce maka ka nemi ruwa ba.

Ba sai mun je nesa ba ma. Dattawan Kano da Katsina har yau suna ba da labarin 1975, shekarar da cutar kuturtar gyaɗa ta share gonaki, tana cikin abubuwan da suka kwantar da dalar gyaɗa. Me ya dawo wa manoma da ƙwarin gwiwa? Irin SAMNUT da masu bincike na Samaru da abokan aikinsu suka fitar, mai jure cutar. A 2023 kuma kowa ya ga abun da ya samu citta a kudancin Kaduna, cutar fumfuna ta cinye gonaki a damina ɗaya, mutanen da suka ci bashi suka shuka suka wayi gari babu ko iri. Mun san wannan ciwon a ƙasar nan, ba baƙo ba ne.

Abun farin cikin shi ne maganin ba sai an ƙirƙiro shi daga farko ba, wasu sun riga sun sha wahalar. A tsibirin Timor, wajen shekarun 1920, aka tarar da wata bishiya da Allah ya haɗa aurenta da kansa tsakanin manyan nau'in kofi biyu, arabika da robusta, abun da ba kasafai yake faruwa ba. Ta ɗauko juriyar robusta, kuma tana karɓar aure da arabika. A 1955 aka buɗe cibiya guda a Oeiras ta ƙasar Fotugal wadda ba ta da aiki sai binciken tsatsar kofi, daga nan jinin bishiyar Timor ya bazu duniya, aka aura shi da wani irin arabika mai suna Caturra aka samu dangin Catimor, aka aura shi da wani mai suna Villa Sarchi aka samu Sarchimor. Kusan duk wani iri mai jure tsatsa da ake nomawa yau in ka bi salsalarsa za ka tarar da wannan bishiya ta Timor a ciki.

Labarin Kolombiya ne ya fi tsaya min a rai, kuma shi nake so shugabannin CRIN su duba da idon basira. Cibiyar bincikensu, Cenicafé, ta ƙungiyar manoman kofi ce da kansu. Tun cutar ba ta shigo ƙasarsu ba suka fara aikin iri, suka fitar da wanda suka sa wa suna Colombia a 1982, tsatsa ta iso a 1983. Ba su bari sai ranar tafiya suka fafe gora ba. A 2005 suka fitar da Castillo. Duk da haka manoma da yawa suka ƙi canjawa, suka riƙe Caturra ɗinsu da suka saba da shi, kaman dai yadda Baba yake yanzu, sai ga damina mai yawa daga 2008 zuwa 2011 ga tsadar taki, cutar ta tashi, abun da suke samu ya faɗo daga sama da buhu miliyan 12 a 2007 zuwa ƙasa da miliyan 8. Amma da yake irin na nan a hannu, an gwada shi an san shi, sai aka tashi haiƙan da sabunta gonaki, aka ba ƙananan manoma bashi mai sauƙi gwamnati ta ɗauke wani kaso, malaman gona suka bi su gona-gona. Zuwa 2015 sun koma buhu miliyan 14. Yau sama da kashi 80 cikin 100 na gonakin kofinsu iri mai juriya ne. Kuma dabarar da ta fi burge ni, Castillo ba jini ɗaya ba ne, layuka ne da yawa aka cakuɗa a buhun iri ɗaya, a ido kamanninsu ɗaya amma makullin juriyarsu daban-daban, in cutar ta buɗe wannan sai ta tarar da wancan a rufe, kuma masu binciken suna cire layin da ya gaza su sa wani.

Wannan dabara ba ado ba ce, dole ce, don tsatsar nan tana canja kama. An gano launinta, wato nau'inta, sama da 50. A Indiya irin Kent ya yi zamaninsa yana jurewa daga baya ta karya shi. A Honduras sun dogara sosai da iri ɗaya mai suna Lempira, bayan bugun 2012 mutane suka yi ta dasa shi, a 2017 aka tabbatar cewa juriyarsa ta karye. Ku yi tunanin manomin da ya tumɓuke gonarsa ya ci bashi ya dasa Lempira ya jira shekara uku. Ni na san me ya ji, don na ga fuskar Baba. Saboda haka don girman Allah in za a kawo mana iri kar a kawo guda ɗaya tilo a ce kowa ya dasa daga Dorofi har Mayo Ndaga. A kawo huɗu, biyar, shida masu jini daban-daban.

Sannan akwai wani abu da ya bambanta mu da su Kolombiya, wanda in aka manta da shi za a sake ƙona mu. Mu a Afirka muna da cuta ta biyu wadda su ba su da ita, mai kama ɗanyun 'ya'yan kofi su yi baƙin tabo su ruɓe su zube, an fara ganinta a Kenya a 1922, kuma ta fi son wuri mai tsayi da sanyi da laima, wato dai irin wurinmu. Maƙwabtanmu na tsaunukan Kamaru sun sha fama da ita. To irin da aka gina don tsatsa kaɗai a wata nahiya zai iya zuwa nan ganyensa ya tsira 'ya'yansa su zube. Shi ya sa idona ya fi karkata ga ƙasashen da ke fama da cututtukan biyu. Kenya ta fitar da Ruiru 11 a 1985, gajere ne mai haihuwa da wuri, ta fitar da Batian a 2010, shi dogo ne, dukkansu an gina su ne don cututtukan biyu. Tanzaniya ma cibiyarta ta TaCRI ta fitar da nata. Ga kuma irin Java a nan bayan katangarmu, wanda masu bincike a Kamaru suka tace shekara da shekaru suka ba manomansu tun wajen shekarun 1980, asalin jininsa na Habasha ne, yana da dama-dama wajen jure cututtukan, ba ya cin taki da yawa, masu saye kuma suna yaba ɗanɗanonsa. Ƙasarsu da tamu ɗaya ce, hazo ɗaya ruwa ɗaya, iyaka ce kawai ta raba. Mutanenmu suna tsallakawa su ɗauko iri a aljihu, wanda hakan ma hatsari ne don da iri ake ɗauko cuta. Me zai hana a bi ta ƙofa, hukuma da hukuma, ta hannun jami'an killace tsirrai na NAQS, a shigo da shi da takardarsa?

Ranku ya daɗe shugabannin CRIN, kofi na cikin amfanin gona biyar da aka ɗora muku, tare da koko da goro da kashu da shayi, kuma Allah ya sa kuna da reshe a Kusuku, a kan dutsen nan. Wannan babbar dama ce. Roƙona a fara da zagayawa gonakinmu a ɗebi ganye a tantance wane iri ne ma muke nomawa, don yawancin bishiyoyinmu sunansu kawai na kaka, daga hannu zuwa hannu suka zo. A cikin zagayen nan a sa ido, kusan kowane ƙauye akwai bishiya ɗaya ko biyu da ke tsayawa kore shar a tsakiyar waɗanda suka zube, a gonarmu akwai guda a bakin rafi wadda Baba ke cewa mai taurin kai, shekara nawa ba ta taɓa yin tsirara ba. Irin waɗannan a sa musu lamba a bi su, Timor ma ai da bishiya ɗaya aka fara. A aika samfurin tsatsar tamu inda za a gane launinta. Sannan a yi filayen gwaji, ba a cikin shingen tasha kaɗai ba, a gonakin mutane, a wurare masu tsayi daban-daban, wani can sama wajen Nguroje wani a gangare inda ya fi ɗumi, kowane layi da allonsa da sunan irin rubuce ɓaro-ɓaro, ga layin na kaka a gefe don a kwatanta. Manomi ba ya jin lacca, amma in ya wuce ta hanyar kasuwa a watan Oktoba ya ga layi ɗaya tsirara layi ɗaya da ganye, shi da kansa zai zo yana tambaya. A kuma gasa a dafa a ɗanɗana kowanne a kai wa masu saye, don an sha kukan cewa wasu daga dangin Catimor ba su kai tsofaffin iri daɗi a baki ba, kar mu tsira daga tsatsa mu faɗa hannun ɗan kasuwa yana karya mana farashi.

Wani abu kuma da dole a faɗa wa mutane da Hausa da Fulatanci da yaren Mambila, a rediyo da masallaci da coci: ba kowane iri ake ɗiban 'ya'yansa a sake shukawa ba. Ruiru 11 mai aure ne, da hannu ake barbararsa a tashar bincike, in ka shuka 'ya'yansa jikokin za su fito kowa da halinsa, wani ya jure wani ya kamu. Batian da Java kuwa ana iya ɗiban irinsu in an kula. Ina kyautata zaton irin wannan ne ya same mu, wataƙila uwar dashen da aka sayar mana ta kirki ce, aka tsinci 'ya'yan da suka zubo aka rena a leda. Don haka masu renon dashe su ma a san su, a yi musu rajista, a ba su iri daga tushe, duk ledar da za ta fita da lamba a jikinta, wanda ya saya a ba shi rasit. Matasanmu da ke zaune a tashar mota suna jiran acaɓa za su iya wannan sana'ar in an koya musu.

Mai girma Kwamishina, naku ɓangaren shi ne shekara ukun nan na jira, don nan ne duk wani shiri mai kyau yake mutuwa. Ba za ka ce wa mai 'ya'ya takwas ya tumɓuke abun da ke ba shi kuɗin magani ya zauna shekara uku ba. A tsara abun kashi-kashi, bana rubu'in gona, baɗi wani rubu'in, a tsakanin layukan sabon dashe a sa wake da gwaza da dankali, ayaba ta yi musu inuwa. A Kenya har wata dabara suke yi, su datse tsohuwar bishiya su aura mata reshen sabon iri a kan kututturen, saiwar tsohuwar na nan da ƙarfinta sai ta fi saurin komawa haihuwa, kuma mutanenmu sun iya auren mangwaro da piya, hannunsu ba baƙo ba ne a wannan aikin. A haɗa da taki a kan lokaci, domin iri mai juriya ma in yunwa ta kama shi sai ya raunana, gajerun nan masu yawan haihuwa kuwa sun fi kowa ci. A samu malamin gona ko ɗaya ne a kowace gunduma wanda ya san kofi, ya nuna wa mutane yadda ake rage reshe iska ta ratsa, da yadda ake daidaita inuwa, da wane magani ne na fumfuna wane ne na ƙwari. Bashi kuma in za a bayar, a fara biya bayan bishiya ta fara haihuwa, ba wata shida ba kaman na masara.

Na san za a ce kofin Najeriya ai bai taka kara ya karya ba a kasuwar duniya, me zai sa a kashe kuɗi. Gaskiya ne mun yi baya, tun da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, yarjejeniyar farashin kofi ta duniya ta watse a 1989 farashi ya faɗi warwas, iyayenmu da yawa suka sare kofi suka dasa itacen zaiti ko suka bar wa shanu. Amma a Fabrairun 2025 farashin arabika a kasuwar New York ya haura dala 4 kan kowane fam na nauyi, wato kusan rabin kilo, abun da ba a taɓa gani ba kafin nan, shagunan shan gahawa suna ta buɗewa a Abuja da Legas, kuma wuraren da arabika ke yi a ƙasar nan 'yan kaɗan ne, mu ne da tsaunukan Filato da Obudu. Yara sun fara dawowa suna tambayar iyayensu ina tsohuwar gonar nan. Yanzu ne za su dasa, ko da ku ko babu ku, kuma abun da suka samu a bayan mota ranar kasuwa shi za su dasa.

Dashen kofi na ɗaukar wata shida zuwa tara ko fiye a leda kafin ya isa shiga rami, ke nan in ana so filin gwaji ya tsaya a damina mai zuwa, da kakar nan ya kamata iri ya shiga ƙasa. Na yi magana da Baba kafin in rubuta wannan, da ƙyar ya saurare ni, amma daga ƙarshe ya ce layi huɗun nan da aka cuce mu a kansu, in hukuma ce za ta zo da kanta da iri mai suna da takarda, ya bayar a yi gwajin a wurin, shi zai yi noma da ban ruwa, sharaɗinsa ɗaya kar a taɓa masa mai taurin kai ta bakin rafi. Maƙwabtanmu biyu ma sun ce a sa da su. In kun turo mutum ya sauka a Nguroje ranar kasuwa ya tambayi masu sayen kofi, za a kawo shi har gonar.

Allah ya ƙara girma, ya ba ku ikon dubawa.

Naku,
ɗan manomin kofi daga gefen Nguroje, ƙaramar hukumar Sardauna.